Shekarar da Aka Babbake Mana Kawuna

Jiya wani daga cikinku, ba zan kama suna ba amma ya san kansa, ya jingina da ƙofar ofishina yana cewa buɗe sashen kimiyyar ƙwaƙwalwa ai ba wani abu ba ne. Wai a sauke manhaja daga intanet, a sayi majigi, a haska wa ɗalibai hoton ƙwaƙwalwa mai launi-launi tana juyawa a bango, shi ke nan an gama. Na ce masa sannu da ƙoƙari. Wanda ya tarar da tuwo a malmale ai dole ya ce girki ba wuya. To ku gyara zama, tunda ritaya ta fara leƙo ni, in ba ku labarin yadda aka tuƙa shi.

Ni mutumin Roni ne, kuma ban faɗo daga sama da digirin digirgir ba. Da wankin kwalabe na fara, a wani ɗakin gwaje-gwaje, ƙarƙashin wani dattijo da muke kira Baba Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. Aikin farko da ya ba ni bayan wanki, ɗanyen ƙwai ya miƙo min da hantsaki. Ya ce, "Ɓare min ɓawon nan, ka bar fatar ciki lafiya. In ta fashe, kai za ka soya, ni zan ci." Wallahi mutumin nan ya ci wainar ƙwai a hannuna har ya yi kumatu. Sai da hannuna ya daina rawa sannan ya bar ni na taɓa zarto. Daga baya na gane nufinsa. Ƙoƙon kai ƙashi ne mai taurin tsiya, abin da ke cikinsa kuwa ya fi awara taushi. Kana yanka da ƙarfi, amma dole ka san lokacin da bakin zarto ya kusa faɗawa, ka ji shi a tsintsiyar hannunka kafin idonka ya gani.

Lokacin da jami'ar nan tamu ta ce tana son buɗe wannan karatu, ni kaɗai ne sashen. Ni ne shugaba, ni ne sakatare, ni ne masinja. Malamai kuwa aro na riƙa yi kamar mai aron tabarma ranar biki. Na aro mai koyar da aikin sassan jiki, na aro na sinadarai, na roƙi wata malama mai nazarin halayyar ɗan Adam ta ba mu kwana ɗaya a mako, na lallaɓo wani yaro ɗan kwamfuta da shayi da burodi. Kowa ya zo da nasa yaren, kowa yana ganin fanninsa ne uwa, saura 'yan riƙo. Haɗa kansu su yarda cewa ɗalibi ɗaya ne zai ɗauki duk wannan kaya, ba jaki ba, shi ya fara fito min da furfura.

Ɗaliban farko, gaskiya ɗaya ce, yawancinsu likitanci suka nema aka jefo su wajenmu. Suka zo fuska a murtuke. Iyayensu kuma ba a magana. Wani ya tambaye ni ko likitan mahaukata zan mayar masa da ɗa. Wani ya ce shi dai a duba masa kan yaron tukuna, don tun yana ƙarami ba ya jin magana. Amma tambayar da ta fi tsaya min ta Alhaji Sule ce, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma daga Babura, wanda ya kawo 'yarsa Hadiza. Mutum ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Dakta, idan ta gama, me za a kira ta?" Na yi masa bayani mai tsawo, bincike, asibiti, koyarwa, ƙarin karatu. Ya saurare ni har na gaji. Sannan ya ce, "To. Hukuma ta san da shi?" Na ce hukuma ta ba da izinin farawa, sauran tantancewa idan ɗalibai sun yi nisa. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Doka ɗaya na kafa tun ranar farko: babu ɗalibin da zai fita daga sashen nan bai riƙe ƙwaƙwalwa a tafin hannunsa ba. Ta mutum ba ta samuwa, kuma ba ma nema. Ta tunkiya da rago ita ce ta koyo, don fasalinta ya yi kusa da tamu. Sai ka samo kai da ɗuminsa, ka feɗe, ka zagaye ƙoƙon da zarto, ka ɗaga murfin a hankali, ka sa almakashi ka datse jijiyoyin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tallabo ta kamar jinjiri ka sa a ruwan fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa. Nan za ta kwana biyu har ta yi ƙwari ta yanku. Da haka, kaɗan-kaɗan, na tara bokitai cike a shekarun farko. Hadiza ce ta fi kowa hannu. Ranar farko ita ce ta fita da gudu ta yi amai a gindin darbejiya, amma kafin shekara ta zagayo sai in tsaya ina kallon yankanta ina jin daɗi.

Sai ga shekarar tsiya. Aka shiga dogon yajin aiki, aka rufe makaranta, zafin bazara ya bi ta kan bokitan nan har murafensu suka tsattsage. Ranar da aka dawo na buɗe ɗakin, fomalin ya ƙafe, ƙwaƙwalen sun bushe sun motse kamar kauɗar tumatir. Ban gama salati ba aka kira ni ofishin shugaban tsangaya, aka ce masu tantancewa suna nan tafe bayan Babbar Sallah. Ku da kuka tarar da komai a shirye ba ku san nauyin wannan kalma ba. Idan suka zo suka ga babu aikin hannu, sai hoto a bango, za su hana mu shaida. In suka hana, takardar yaran nan ba ta da maraba da ta naɗe ƙosai: ba bautar ƙasa, ba aiki. Yara suna aji uku a lokacin. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Da na zauna na yi tunani sai dariya ta kama ni. Na ce kai Bala, ana shirin layya kana kukan rashin kan rago? Nan da nan na bi malamai da ma'aikata da iyayen yara, Kazaure, Roni, Gwiwa, Babura, har 'Yankwashi. Na ce kowa ya taimaka min da kan ragonsa, zan cire abin da nake so in mayar masa da kayansa. Na nanata, na sake nanatawa: da an yanka a aiko, ɗanye, da gashinsa, da jininsa, kada a taɓa. Kowa ya ce, "An gama, Dakta. Ai wannan ba komai ba ne." Ranar Sallah ko kayan idi ban tsaya cirewa sosai ba, na kafa tebur a zaure, na jera zarto da almakashi da kwalabe, na zauna ina jira kamar wanzami ranar kasuwa.

Shiru har la'asar. Can sai ga sallama, an shigo da tire an rufe da farin kyalle. Na ɗaga. Kan rago ne, an babbake shi tas, an kankare, an wanke, yana ta sheƙi, har an raba shi biyu da gatari don kada in sha wahala. Na ce inna lillahi! Kafin in rufe baki ga wani, shi ma haka. Washegari kuwa suka yi ta zuwa kamar an yi shela. Wani gida ma ba su tsaya nan ba, langaɓu suka haɗa da shi, aka kawo a kula, da yaji a ƙulle a gefe. Na buɗe ɗaya don in ga ko da sauran amfani: gefe ya dahu, tsakiya ta narke kamar kunu.

Ashe ni da maza na yi magana, kai kuwa a hannun mata yake. Na kira Alhaji Sule, don nasa ya fi na kowa kyau, na ce, "Alhaji, yaya muka yi da kai?" Ya ce, "Dakta, wallahi na faɗa. Hajiya ce ta ce ba a gidanta ba. Wai a kai wa malamin 'yarta kai da gashi da ƙudaje, a ce ba ta da tarbiyya? Ta ce kawaici kake yi, ba ka son ɗora wa mutane aiki." Ko'ina amsar ke nan. Mutunci ne ya kashe ni. Guda ɗaya tak ya zo ɗanye, daga wani gwauron malamin lissafi, shi ma ba don ya ji magana ba, don ba shi da mai babbake masa ne. Maƙwabtana dai sun yi Sallar da ba su taɓa yi ba, har yau suna tambayata yaushe za a sake tantancewa.

Za ku ce me ya hana in tafi mayanka? Na je mana. Amma wa ke sayen nama bayan layya, kowane gida da suya a tukunya? Mahauta suna zaune suna firfita. Ɗan abin da suke yankawa, kan ya riga ya zama na masu langaɓu tun dabbar tana tsaye, kuma su da gatari suke gaisawa da shi. Na dawo aji na faɗa wa ɗalibai gaskiyar halin da ake ciki, don ba na ɓoye musu komai. Sai Hadiza ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ba a daina haihuwa don an yi Sallah." Na ce me kike nufi? Ta ce, "Ragon suna. Kai na ungozoma ne, ba mai taɓa shi sai ta zo. Kakata ta wajen uwa ita ce babbar ungozomar unguwarsu a Gwiwa, sauran duk suna jin maganarta."

Muka je Gwiwa ranar kasuwa, na ɗauki kwalba ɗaya, ta ragon gwauron nan, don a ga abin da muke nufi. Kakar tata, Iya Lanti, tsohuwa ce 'yar firit, baki babu haƙori ko na rantsuwa, amma harshe sai ka ce aska. Na durƙusa na gaishe ta, na yi bayani: zan cire ƙwaƙwalwa kawai, in mayar mata da kan ragonta cif. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ɗan nan, dubi bakina. Da me kake so in ci kunne da harshe? A duk kan nan ƙwalwar ce rabona, ita kuma ka zo nema. Ke kuma ja'ira, karatun da ake cewa kina yi ke nan, ƙwace wa tsofaffi abinci?" Hadiza ta ce, "Haba tsohuwa, kin ci ta raguna sun fi garke, har yau ba ki ƙara wayo ba." Iya ta rarumo mafici ta kai mata duka, muka yi ta dariya. Amma fa ba ta yarda ba.

Har na fara haramar tashi sai ta nuna kwalbar da haɓa. Ta ce, "Me ake gani a ciki da ba a gani a tukunya?" Na sa Hadiza ta sa safar hannu ta fito da ita a faranti, ta raba ta tsakiya. Ta nuna mata wasu 'yan ramuka a ciki, ta ce nan ruwa yake zama, yana gudana ta wata 'yar siririyar hanya ya fita. Iya ta matso da fuska har warin fomalin ya sa ta hawaye. Ta ce, "In hanyar ta toshe fa?" Na ce sai ruwan ya taru, ya yi ta tura ƙwaƙwalwa. Ta ƙara leƙa farantin. Can ta ce, "Jaririn da kansa ke ta girma, maɗigarsa ta kumbura, idonsa ya koma ƙasa, shi ke nan abin da ke damunsa?" Na ce shi ne, Iya, kuma in an kai asibiti da wuri akwai aikin da ake yi a buɗe wa ruwan hanya. Ta ce, "Na karɓi irinsu a hannun nan. Aka yi ta hayaƙi, aka yi ta rubutu." Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Jibi akwai suna gidan Malam Audu mai faci. Ka zo da zartonka da wuri, ba na son nawa."

Daga nan na zama ɗan gayyar suna. Iya Lanti ta aika wa ƙawayenta na Roni da Kazaure, kowace ta ji akwai suna sai ta sa a kira ni. Da an idar da sallar asuba na ɗaure kula da ƙanƙara a bayan babur, in isa ana rabon goro da dabino. A yi addu'a, a raɗa suna, a yanka, ni kuma in ja kai gefe in durƙusa bayan garka ina ta gurzawa, maroƙi yana yi min kirari wai Dakta mai zarto, ba ka bar rago da tunani ba. Ɗalibai suka raba kansu, kowa da garin da yake bi, kuma a nan ne da yawansu suka koyi cirewa da hannunsu, abin da a da ni kaɗai nake yi. Na ci wainar suna a wannan wata har na gaji da ita. Kafin masu tantancewa su zo, kantar ɗakin gwaje-gwaje ta cika da kwalabe, kowace da ranar da aka cire ta.

Shugabar masu tantancewa wata farfesa ce 'yar kudu, mai tabarau a kan hanci, ba ta dariya. Ta duba manhaja, ta duba malamai, ta shiga ɗakin gwaje-gwaje ta zagaya hannu a baya. Ba ta tambaye ni komai ba. Kwalba ta ɗauka da kanta, ta dire gaban wani yaro da ke ɓuya a bayan 'yan uwansa, ta ce ya yanka ya nuna mata inda gani yake sauka. Yaron nan kuwa ko sunansa ka tambaya sai ya yi in'ina. Ya yanka, ya nuna. Ta matsa kan Hadiza, ta yi ta jero mata tambayoyi, yarinya tana amsawa tana yanka, hannu ko gezau. Sai farfesa ta juyo ta ce a ina muke sayen samfuri masu kyau haka? Na ba ta labari tun daga babbaka har gidan Malam Audu mai faci. Matar nan ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido. Amma da na yi mata rakiya ina ɗan lalube, sai ta ce, "Dakta, ka san ƙa'ida. Sai mun koma an zauna."

Zaman nan shi ne ya ƙi ƙarewa. Damina ta wuce, aka yanke gero, shiru. Ana nan sai ga Alhaji Sule a ofishina. Ya ce tun lokacin yajin aiki ya nema wa Hadiza makarantar koyon jinya don gudun abin da ka je ya zo, yanzu ga shi ta samu, kuma in ba ta je cikin makon nan ba za a ba wani gurbin. Ya ce, "Dakta, ba na ja da kai, na ga irin wahalar da ka sha. Abu ɗaya nake so. Ka ce min za a ba ku shaidar nan, in bar ta." Na so in ce masa za a ba mu. Wallahi na so, har bakina ya motsa. Amma na ce, "Alhaji, ina kyautata zato. Tabbaci kam ba ni da shi." Ya jinjina kai ya ce, "Na gode da ba ka rufe ni ba." Ban ga laifinsa ba, ko ni ne uban abin da zan yi ke nan. Hadiza ta zo ta yi mana sallama, ta tafi ta koma aji ɗaya a wani wuri, shekara uku ta bar su a nan.

Ba a rufa wata ba sakamako ya fito. Cikakkiyar shaida, ba ta wucin gadi ba. Ɗalibai suka cika harabar nan da ihu, har masu gadi suka zo ganin ko gobara ce. Ni kuwa na shiga ofis na rufe ƙofa na kira Hadiza, ina jin kunyar abin da zan faɗa. Ban gama ba ta sa guɗa a waya, ina jin ƙawayenta suna tambayar ko lafiya. Na ce, "Hadiza, ko in je in sami Alhaji? Wataƙila a san yadda za a yi." Ta ce, "A'a Malam, ya riga ya yi ɗawainiya, ba zan sa shi asara biyu ba. A gaishe min da 'yan ajinmu." Na ji tana jan hanci. Sannan ta ce, "Malam, wanda zai zauna a teburina, a gaya masa wuƙar nan mai baƙar ƙota tana ja hagu. Ya riƙa danne ta da ɗan yatsa, in ba haka ba za ta ɓata masa yanka."

Na ce to, zan gaya masa. Na ajiye waya na daɗe ban buɗe ƙofa ba.